Mai Shari'a Uwais: hukuncin 2005 da rahoton da aka jingine

Malam Haruna:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Kamar yadda kowa ya ji, Allah Ya yi wa Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais rasuwa ranar Juma'a 6 ga Yuni 2025 a Abuja, ranar Babbar Sallah, saura kwana shida ya cika shekara 89. Allah Ya jiƙansa Ya gafarta masa.

Na ga ta'aziyya ta cika ko'ina, kowa na cewa mutumin kirki ne, amma ban ga wanda ya tsaya ya duba aikin nasa ba. Ga kaɗan daga tarihinsa saboda yaranmu da ba su riske shi a kan kujera ba. An haife shi a Zariya ranar 12 ga Yuni 1936, a gidan shari'a, don mahaifinsa babban alƙali ne a masarautar Zazzau. Ya yi Kwalejin Barewa, ya wuce Landan ya zama lauya a 1963, ya dawo ya kama aikin lauyan gwamnati a Ma'aikatar Shari'a ta Jihar Arewa. Daga nan ya hau kujerar Babbar Kotu, ya wuce Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya a 1977, ya shiga Kotun Ƙoli a 1979 yana da shekara 43. Ya zama Alƙalin Alƙalan Najeriya a Disamba 1995 bayan Mai Shari'a Muhammadu Bello na Katsina, ya sauka a Yuni 2006. In ka cire Adetokunbo Ademola, wanda ya riƙe daga 1958 zuwa 1972, babu wanda ya kai shi daɗewa a kujerar.

Abin da nake so mu tattauna shi ne wannan: mutumin da ya tabbatar da zaɓen 2003 a kotu shi ne kuma ya jagoranci kwamitin gyaran zaɓe da har yau ake kiran rahotonsa da sunansa. A ganina waɗannan abu ɗaya ne. Abin da ya ɗaure masa hannu a kotu shi ya je ya rubuta a kwance. Ina sauraronku.

Auwal Fagge:
Wa alaikumus salam Malam. Allah Ya jiƙan musulmi. Amma ni ba zan ɓoye ba, sunansa in aka ambata ranar 1 ga Yuli 2005 nake tunawa. Ni wakilin jam'iyya ne a rumfar zaɓe a 2003, a wata jiha da aka tura mu. Muna tsaye tun safe, ba a kawo kayan zaɓe ba sai da rana ta take. Aka fara, layi bai kai rabi ba wata mota ta zo, aka ɗauke akwatin aka ce can za a ƙirga. Takardar sakamako ban ga kalarta ba, balle in sa hannu. Washegari muka ji adadin da aka ce rumfarmu ta bayar, ya fi mutanen da na gani da idona a layin. Wannan zaɓen ne Kotun Ƙoli ta ce ya zauna, kuma Uwais ne ya karanta hukuncin. To ku gaya mini, me zan yaba?

Barista Hadiza:
Malam Auwal, abin da ka gani ba wanda zai ƙaryata ka. Amma tambaya ɗaya: an kira ka ba da shaida?

Auwal Fagge:
Ba wanda ya neme ni.

Barista Hadiza:
To a nan matsalar take, kuma ita Malam Haruna yake nufi. A idon kotu, abin da ya faru a rumfarka bai faru ba sai wanda ya tsaya a wurin ya zo ya rantse ya faɗa, lauyan ɗaya ɓangaren ya yi masa tambayoyi. Shugaban jam'iyyarku na jiha ba zai iya faɗa a madadinka ba, sai a ce jita-jita ce, a yi watsi da ita. Rumfunan zaɓe a lokacin sun kai wajen 120,000. Obasanjo an ce ya samu ƙuri'a sama da miliyan 24, Buhari sama da miliyan 12. Dokar Zaɓe ta 2002 kuma ta ce ba a soke zaɓe don kawai an saɓa ƙa'ida, sai mai ƙara ya nuna saɓawar ta yi yawan da ta canja sakamako. Sannan doka tana ɗaukar duk sakamakon da hukuma ta bayyana a matsayin daidai har sai an rushe shi da hujja. Ka haɗa waɗannan uku ka gaya mini lauyan da zai iya ɗaukar wannan kaya. Mike Ahamba, lauyan Buhari, ya yi iya ƙoƙarinsa, har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke sakamakon Jihar Ogun baki ɗaya, jihar shi kansa Obasanjo. Amma ko an cire Ogun tazarar na nan.

Auwal Fagge:
Barista, ai a Kotun Ɗaukaka Ƙarar ma akwai alƙalin da ya ce a soke zaɓen. Mai Shari'a Nsofor ya karanta dokar nan da kike faɗa, ya ga shaidun nan, ya ce zaɓe bai yiwu ba. Shi ba alƙali ba ne? Ashe ke nan hanya na nan, bi ne ba a yi ba. A Kotun Ƙoli kuwa su bakwai, ko ɗaya bai ce uffan ba.

Barista Hadiza:
Wannan magana ce mai nauyi, na kuma yarda da rabinta. Hukuncin Nsofor ya nuna ana iya karanta shaidun ta wata fuska. Sai dai Kotun Ƙoli ba ta sauraron shaidu, abin da kotun ƙasa ta gano take dubawa, kuma ba kasafai take taɓa shi ba sai ya fito fili ƙarara cewa an kauce. Uwais irin alƙalan nan ne da ba sa tsallake abin da aka rubuta. In kana neman wanda zai miƙe ya ce doka ta ce kaza amma adalci ya ce kaza, Mai Shari'a Kayode Eso na Kotun Ƙoli za ka nema, ba shi ba. Hali ne na aiki, kuma yana da amfaninsa yana da illarsa.

Nura Ɗalibi:
Anti Barista, don Allah tunda an ambaci Eso, a yi mana bayanin shari'ar sha biyu da biyu bisa uku. An ce Uwais na cikin waɗanda suka zauna, kuma mu a aji sunanta kawai muke haddacewa.

Alhaji Isa Magatakarda:
Ɗana Nura, bari ni in amsa maka, don lokacin ina saurayi ina aiki a rajistar kotu, kuma ba abin da muke yi sai wannan gardama. An yi zaɓen shugaban ƙasa ranar 11 ga Agusta 1979. Doka ta ce wanda zai ci sai ya fi kowa ƙuri'a, kuma ya samu rubu'in ƙuri'u a kashi biyu bisa uku na jihohi. Jihohi 19 ne. Shagari ya samu rubu'in a jihohi 12, a Kano kuwa, inda Malam Aminu ya share fage, ya tsaya a kashi 19.94 cikin ɗari. Awolowo ya ce jiha ba a gutsura ta, biyu bisa ukun 19 dole a cika ta zama 13, don haka sai an je zagaye na biyu. Richard Akinjide, lauyan Shagari, ya ce a'a, lissafi ya ba da 12 da biyu bisa uku, saboda haka a jiha ta sha uku rubu'in kashi biyu bisa uku na ƙuri'un ake nema, watau ɗaya bisa shida. Da wannan lissafin abin da Shagari ya samu a Kano ya wadatar. Kotun Ƙoli ƙarƙashin Fatayi-Williams ta karɓi wannan ranar 26 ga Satumba, Eso ya ƙi. Uwais shi ne ƙarami a cikinsu, makonni kaɗan da zuwansa kotun, ya bi masu rinjaye.

Amma ga abin da nake so ku lura da shi, wanda mutane ke mantawa. Zaɓe 11 ga Agusta, hukuncin ƙarshe 26 ga Satumba, rantsuwa 1 ga Oktoba. An gama shari'a kaf kafin kowa ya ɗora hannu a kan Alƙur'ani. Ku gwada da ta Buhari: zaɓe a Afrilu 2003, rantsuwa 29 ga Mayu 2003, hukunci a Yuli 2005. Mutum ya fi shekara biyu yana mulki, ya naɗa ministoci, ya sa hannu a kasafin kuɗi, sojoji da 'yan sanda na sara masa, sannan a ce alƙalai bakwai su tashe shi. Uwais ya zauna a shari'o'in biyu. Ya san bambancinsu fiye da kowa a ƙasar nan.

Malam Haruna:
Alhaji, Allah Ya ƙara girma, ka kai ni inda nake son zuwa. Ku duba manyan shawarwarin kwamitin nasa ku ga ko akwai wadda ba amsa ba ce ga abin da Auwal da Barista suka faɗa. 'Yar'Aduwa ya amsa da bakinsa ranar rantsuwarsa cewa zaɓen 2007 da ya kawo shi na da naƙasu, ya kafa kwamitin mutum 22 a Agusta 2007, suka miƙa rahoto a Disamba 2008. Suka ce a gama duk ƙarar zaɓe kafin a rantsar da kowa. Suka ce nauyin kawo hujja ya koma kan hukumar zaɓe, ita ta tabbatar ta yi zaɓe yadda doka ta ce, tunda takardun duk suna hannunta. Suka ce a cire hannun shugaban ƙasa daga zaɓo shugaban hukumar: a tallata kujerar, Majalisar Shari'a ta Ƙasa, NJC, ta tace masu nema, daga ƙarshe Majalisar Dattawa ta tabbatar. Suka ce a kafa hukuma ta daban mai gurfanar da masu maguɗi, a kafa wata ta rajistar jam'iyyu, a kuma bar mutum ya tsaya takara ba jam'iyya. Da a ce nauyin hujja na kan hukuma a 2003, ba sai an nemi Auwal ba. Hukumar ce za ta kawo takardar rumfarsu ta nuna inda wakilai suka sa hannu, in babu, ƙuri'un sun faɗi.

Auwal Fagge:
Malam, na ji. Amma me ya hana shi faɗar haka yana kan kujera, lokacin da maganarsa doka ce? Sai da ya sauka, ya zama ba shi da iko a kan kowa, sannan ya rubuta a takarda. Takardar kuma ga ta nan an jingine. Mu da aka cuta a 2003 me ta ƙare mu da shi?

Barista Hadiza:
Alƙali ba ya rubuta dokar zaɓe, Malam Auwal, majalisa ke rubutawa, kuma 'yan majalisar su ne waɗanda suka ci zaɓen da ake ƙara a kai. Su za su sauƙaƙa wa mai ƙara hanya? Kuma ba daidai ba ne a ce rahoton bai haifar da komai ba. Gyaran tsarin mulki na 2010 ya sa wa kotun zaɓe wa'adin kwana 180, ɗaukaka ƙara kwana 60, ya kuma sa kuɗin hukumar zaɓe ya riƙa fita kai tsaye daga asusun tarayya. A zaɓukan 2003 da 2007 babu wa'adi sam. Peter Obi sai a Maris 2006 ya karɓi kujerar Anambra ta zaɓen 2003, kusan shekara uku wani na zaune a kai. Farfesa Attahiru Jega ma, wanda aka ba hukumar a 2010, ɗan wannan kwamitin ne.

Inda na yarda da kai shi ne an tsinci masu sauƙi an bar masu ciwo. Gwamnatin 'Yar'Aduwa da kanta ta ƙi shawarar NJC. Har yau shugaban ƙasa ke zaɓo shugaban hukumar zaɓe. Hukumar hukunta masu maguɗi ba a kafa ba. Nauyin hujja na nan kan mai ƙara. A 2023 an rantsar da Tinubu 29 ga Mayu, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci 26 ga Oktoba. A Kenya kwana 14 tsarin mulkinsu ya ba Kotun Ƙoli, kafin rantsuwa, shi ya sa Alƙalin Alƙalansu David Maraga ya iya soke zaɓen shugaban ƙasa a 2017 ba tare da ƙasa ta kife ba.

Hajiya Binta:
Sallama gare ku. Ina bin ku tun ɗazu. Ni abin da ban gamsu da shi ba a rahoton shi ne wannan batu na NJC ɗin da kuke ta yabo. Alƙalin Alƙalai ne shugabanta, kuma shi ke zaɓo mafi yawan mambobinta. Uwais ya rubuta shawarar yana kallon kujerar kamar irinsa ne zai ci gaba da zama a kai. Mu kuwa mun ga abin da ya biyo baya. A 2011 Alƙalin Alƙalai Katsina-Alu da Shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara Ayo Salami suka yi ta tonon silili a kan shari'ar gwamnan Sakkwato, har da rantsuwa a kotu. A Janairu 2019 aka dakatar da Alƙalin Alƙalai Onnoghen ana saura makonni zaɓe. A 2022 alƙalan Kotun Ƙoli 14 suka rubuta wa Tanko Muhammad takardar koke, bai daɗe ba ya ajiye aiki. In da NJC ce ke tace shugaban hukumar zaɓe, ai 'yan siyasa kujerar Alƙalin Alƙalai za su koma yi wa farauta fiye da yadda suke yi yanzu. Sannan alƙalan da suka zaɓo mutum su ne za su zauna su yi hukunci a kan zaɓen da ya shirya. Wannan bai kwanta mini ba.

Malam Haruna:
Hajiya, wannan suka ce ta gaskiya, kuma ko a lokacin an yi ta. Amma a ba ni wanda ya fi. Abin da muke da shi yanzu shi ne ɗan takara ya zaɓo alƙalin wasan da zai buga. Ko ba NJC ba, a samo wata hanya, asalin maganar a cire hannun mai takara.

Hajiya Binta:
A kan cire hannun ba mu da saɓani, Malam. Inda za a kai shi ne ban yarda an gama tunani ba.

Nura Ɗalibi:
Ni kuma tambayata a kan zamanin Abacha ce. Uwais ya karɓi kujera wata guda bayan an rataye Ken Saro-Wiwa da mutanensa a Nuwamba 1995. Abiola na tsare har ya mutu a 1998. Me Kotun Ƙoli ta yi a shekarun nan? Wasu malamanmu na cewa shiru ta yi.

Alhaji Isa Magatakarda:
Ɗana, wanda bai yi aikin kotu a mulkin soja ba zai yi wuya ya gane. Dokar soja takan zo da sakin layi ɗaya a ƙarshe mai cewa babu kotun da ke da hurumin sauraron ƙara a kan abin da aka yi ƙarƙashinta. Na sha gani da idona: lauya ya zo da takardunsa a ƙunshe, matar wanda aka tsare na zaune a benci na baya da goyo, lauyan gwamnati ya miƙe ya karanta lambar dokar kawai ya zauna. Mai shari'a ya rubuta da hannunsa, don a lokacin komai da biro ake rubutawa, ya ɗago ya ce ba shi da hurumi. Sai ni a bar ni da matar a waje tana tambayata yaushe za a dawo, in rasa abin da zan ce mata. Saro-Wiwa kotun musamman ce ta yanke masa hukunci, ba a ba shi damar ɗaukaka ƙara zuwa ko'ina ba. Shari'ar Abiola kuwa ta isa Kotun Ƙoli, amma da yawa daga alƙalan suka janye saboda suna da ƙarar ɓata suna a kan jaridar Concord, wadda tasa ce. Waɗanda suka rage ba su kai adadin zama ba, Abacha kuma ya ƙi naɗa sababbi. Haka maganar ta kwanta.

Auwal Fagge:
To Baba, wanda aka ɗaure wa hannu haka, ba sai ya ajiye aikin ba? Ajiyewar ma magana ce.

Alhaji Isa Magatakarda:
Ya ajiye wa ya ɗauka? Abacha ne zai naɗa na gaba. Ni ban ce zaman da ya yi jarumtaka ba ce, kuma ba zan hana kowa ya ce ya kamata a ji muryarsa fiye da yadda aka ji ba. Abin da na sani shi ne ya riƙe kotun ba ta watse ba har aka kai 1999, ya rantsar da Obasanjo ranar 29 ga Mayu, kuma daga ranar da aka kwance wa kotun hannu an ga abin da ta yi.

Barista Hadiza:
Wannan shi ne ɓangaren da masu sukarsa ke tsallakewa, kuma a wurina nan ne aikinsa na gaske yake. Tsarin mulkin 1999 sabo ne, sojoji suka miƙa shi, babu wanda ya san iyakar ikon kowa, ga shugaban ƙasa tsohon janar da ya saba ba da umarni. Kotun Uwais ce ta riƙa ja wa kowa layi.

Tun kafin rantsuwa ma an fara. Atiku ya ci gwamnan Adamawa sannan ya tafi mataimakin shugaban ƙasa, hukumar zaɓe ta ce a sake zaɓe, kotun ta ce a'a, mataimakinsa Boni Haruna ne zai hau. A 2002 hukumar ta gindaya sharuɗɗan rajistar jam'iyya da ba su cikin tsarin mulki, Balarabe Musa da Gani Fawehinmi da wasu suka kai ƙara, kotun ta soke mafi yawan sharuɗɗan. Daga jam'iyyu uku a 1999 aka shiga zaɓen 2003 da 30. Ku tuna PRP ta samu rajista ne ta wannan hukuncin. A shekarar dai kotun ta ce Majalisar Tarayya ba ta da ikon tsawaita wa'adin shugabannin ƙananan hukumomi, ta kuma tabbatar da dokar ICPC, hukumar yaƙi da cin hanci, da Jihar Ondo ta ƙalubalanta.

Babba a ciki ita ce ta Legas. Tinubu na gwamna ya ƙirƙiro ƙananan hukumomi 37 a kan 20 da ake da su, Obasanjo ya riƙe kuɗin ƙananan hukumomin jihar gaba ɗaya. A Disamba 2004 Uwais ya karanta hukunci cewa shugaban ƙasa ba shi da ikon riƙe kuɗin da tsarin mulki ya ware, ya kuma gaya wa Legas sababbin nata ba su cika ba sai Majalisar Tarayya ta shigar da su. Kowa ya samu nasa. Obasanjo bai saki kuɗin duka ba, sai da 'Yar'Aduwa ya zo a 2007. Wanda yake yaron Obasanjo ba zai rubuta wannan ba, kuma wata bakwai ne tsakaninsa da hukuncin Buhari.

Hajiya Binta:
Barista, ƙara da ta man fetur. Mutanenmu sun ji haushinsa a kanta.

Barista Hadiza:
Haka ne Hajiya. A Afrilu 2002 kotun ta ce iyakar jihohin gaɓar teku ta tsaya a bakin ruwa, man da ake haƙowa a cikin teku na tarayya ne, ba ya cikin kashi 13 da ake ba jihar da aka haƙo a cikinta. Akwa Ibom ta fi kowa jin jiki, aka ce ɗan Arewa ya yi wa Arewa aiki. Sai aka sasanta a siyasance, majalisa ta yi doka a 2004 ta mayar musu da kason. Gwamnonin Arewa suka garzaya kotun a soke dokar, kotun Uwais ta kori ƙararsu a 2005. Ranar kuma a nan gida aka ce ya juya wa nasa baya.

Nura Ɗalibi:
Batun shari'ar Musulunci fa? Zamfara ta fara a zamaninsa.

Barista Hadiza:
Bai zo gabansa ba. Shari'ar Safiya ta ƙare a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Sakkwato a 2002, ta Amina Lawal a ta Katsina a 2003, duk an sallame su a can. Gwamnatin Tarayya kuma ba ta kai jihohin ƙara ba. Kotu ba ta fita neman shari'a, sai an kawo mata.

Alhaji Isa Magatakarda:
Akwai wani abu da ya taimake shi wanda na bayansa ba su samu ba, shi ne lokaci. Muhammadu Bello ya sauka yana da shekara 65. Da wannan ƙa'idar ta ci gaba, da Uwais ya tafi a 2001, duk shari'o'in da Barista ta lissafo da wani ne ya yi su. Daga baya aka kai shekarun zuwa 70, ya samu shekara goma da rabi. Ku ƙirga na bayansa: Belgore wata bakwai, sai Kutigi, Katsina-Alu, Dahiru Musdapher, Aloma Mukhtar, Mahmud Mohammed, Onnoghen, Tanko, Ariwoola, yanzu Kekere-Ekun. Mutum goma cikin shekara 18. Saboda ana bin girma ne, mutum ba ya isa kujerar sai ya kusa 70. Wanda ya san shekara biyu gare shi wane gyara zai fara? Ita kanta Aloma, da ta zo da zafin hukunta alƙalai masu cin hanci, daga 2012 zuwa 2014 ta yi ta tafi. Kuma dalilin da Uwais ya daɗe shi ne an ɗauko shi yana da 43. Yau wa ake kaiwa Kotun Ƙoli a wannan shekarun?

Auwal Fagge:
Baba, Barista, na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma na Legas ɗin ban san shi haka ba. Amma ku lura da abu ɗaya. Duk shari'o'in da ya tsaya tsayin daka tsakanin gwamnati da gwamnati ne, gwamna da shugaban ƙasa, jiha da tarayya, manya da manya. Ranar da ta zama tsakanin mai mulki da ƙuri'ar talaka, 1979 da 2005, duka biyun mai mulki ko wanda aka bayyana ne ya tafi da ita. A 2008 ma, shari'ar Buhari da 'Yar'Aduwa, alƙalai uku cikin bakwai sun ce a soke: Oguntade, Aloma Mukhtar da Onnoghen. Da irin wannan doka suka yi aiki. Shi ya sa har yanzu zuciyata ba ta sauka ba.

Malam Haruna:
Auwal ƙanina, ba na neman ta sauka. Hukuncin 2008 ɗin da ka kawo an yanke shi ne a makon da Uwais ya miƙa rahotonsa, kuma abin da ukun nan suka tsaya a kai, takardun ƙuri'a marasa lamba, irin abin da rahoton ke cewa hukuma ce ya kamata ta amsa, ba mai ƙara ba. Su uku ne, huɗu suka rinjaye su, don dokar ta bar ƙofar a buɗe ga kowane alƙali ya bi ta inda ya ga dama. Rahoton so yake a rufe ƙofar, ta yadda ba sai an yi sa'ar samun Eso ko Nsofor a kan benci ba.

Nura Ɗalibi:
Malam, ina ake samun rahoton? Ban taɓa ganinsa ba, sai dai in ji ana ambato.

Barista Hadiza:
Yana intanet, Nura, babban kundin ma ya isa. Ka fara da babin hukumar zaɓe da na ƙararrakin zaɓe, sannan ka ɗauko sashe na 285 na tsarin mulki da Dokar Zaɓe ta 2022 ka jera su. Ka rubuto mana nan waɗanda aka ɗauka da waɗanda aka bari. Malam Auwal, kai kuma in akwai wanda kuka tsaya tare a rumfar nan da kuke waya har yanzu, ka tambaye shi ko shi an taɓa kiransa shaida. Ina so in sani.

Auwal Fagge:
Akwai mutum ɗaya. Zan kira shi bayan Magariba.